Wutar Tanderun Baba

Talata, da yamma

Sun tafi da Baba. Motar asibiti ta tsaya a ƙofar gidan burodinmu da hantsi, mutane suka fito daga ciki sanye da fararen kaya tun daga kai har ƙafa, duk layinmu ya fito kallo sai ka ce an kawo mai wasa da kura. Zazzaɓin ya hana shi tsayuwa, ga kaluluwar da ta fito masa a hammata ta hana shi sauke hannu. Ɗaukarsa suka yi. A bakin motar ya janye takunkumin da suka ɗaura masa, ya neme ni da ido ya ce, "Uwata, kada ki bar wutar nan ta mutu." Bai nemi ruwa ba, bai ce a kira masa Yaya ba. Wuta. Na ce to, Baba.

Tanderun nan shi ya gina shi da jan bulo tun kafin a haife ni, kuma tun ranar da aka hura shi bai taɓa hucewa ba. Baba ya ce tsohon tanderu in ya yi sanyi har ciki, ranar da aka sake hura shi bulon zai tsage. Ko ranar da Inna ta rasu, daga maƙabarta nan ya fara zuwa ya zura itace kafin ya zauna karɓar gaisuwa. Aikinmu a rabe yake tun ina yarinya: ni kwaɓi da sayarwa, shi wuta. Bai taɓa bari na taɓa masa ko toka ba.

Sun liƙa sanarwa a ƙofa, ba gashi, ba sayarwa. Na karanta ta tsaf. Babu inda aka ce a kashe wuta.

Laraba, da hantsi

Ma'aikaciyar lafiya ta zo, wata doguwa mai farin takalmin roba, ni dai Mai Farin But na sa mata. Ta ba ni ƙwayoyi ta ce in riƙa sha, kuma kada in fita sai ta ce. Mutanenta suka barbaɗe kowane lungu da wani farin gari, har ƙarƙashin buhunan fulawa. Suka fitar da katifar Baba suka ƙone a bayan gida.

Ta ce, "Yaushe zazzaɓin ya fara masa?"

Na ce ban sani ba.

Ta ɗago kai ta dube ni. "Gida ɗaya kuke, ba ki taɓa jin jikinsa da zafi ba?"

Na ce, "Malama, mutumin da ke wuni a bakin tanderu, yaushe jikinsa ya taɓa yin sanyi? Tun da na buɗe ido Baba zafi gare shi. In ya ce kansa na ciwo, hayaƙi ne. In hammata ta kumbura, buhu ya ɗaga. Haka ya faɗa, haka kowane mai burodi zai faɗa miki."

Sai ta tambayi wa ya kwashe matattun ɓerayen da aka samu a gidan burodin. Na ce Baba. Da me? Da hannunsa mana. Mutumin da ke ɗauko gwangwanin burodi daga wuta ba tsumma, shi zai nemi safar hannu saboda ɓera? Na ba shi leda ya yi mini dariya, ya ce hannun da wuta ta gaji da shi ta bari, me ya rage da zai shige shi.

Wuta tana nan.

Alhamis, da safe

Mai itace bai zo ba. Na kira shi ya ce motarsa ce ta lalace. Ina jin ƙarar injinta a bayan muryarsa.

Juma'a, bayan la'asar

Yaya ya kira daga garin da yake aiki. Bai gama tambayar jikin Baba ba ya shiga wa'azi. In rufe wurin, in kashe wutar, da zarar an sake ni in koma gidansa. Ya ce, "Ke mace ɗaya a cikin wannan masifa, me kike karewa? Bulo?"

Na ce, "Yaya, kai da ko ƙamshin yis ba ka iya jurewa, bar mini bulona."

Ya ce taurin kan Baba na kwaso duka ban rage masa ba. Na ce ai ba ka zo rabo ba. Ya kashe waya. Zai sake kira, na san shi, fushinsa ba ya kwana.

Na iya wutar fiye da yadda na zata. Ba babbar wuta nake hurawa ba, 'yar kaɗan ce safe da yamma, don dai bulon ya riƙe ɗumi. Itacen da ya rage ba zai kai ni ko'ina ba.

Asabar, da yamma

Maigadin layinmu ya rasu. Shi ma asibiti aka kai shi, amma an makara. Mutumin kirki ne, kullum sai ya tsaya karɓar burodin farko yana cewa nasa ya fi na kowa zafi. Allah ya jiƙansa. Na yi kuka, ba zan ɓoye ba, kuma rabin kukan ba nasa ba ne.

Lahadi, da hantsi

Da safe na leƙa waje na ga an rubuta wa allon shagonmu GIDAN ƁERA da jan fenti. Mutum ɗaya ne ke sayar da fenti a layin nan, kuma shi ne Shugaban 'yan kasuwar layin. Ban ce shi ya rubuta ba. Na ce dai jan fenti ba daga sama ya zubo ba.

Na hau kujera na ciro allon, na faskara shi da gatari. Busasshen katako ne mai kyau. Ya ci wuta lafiya lau, rubutun ne ya fara tafiya. Wanda ya rubuta, na gode, ka ba ni itacen yini guda.

Litinin, da azahar

Likitar da ke duba Baba ta kira ni. Muryarta a gajiye. Ta ce zazzaɓin ya fara sauka, maganin yana aiki, sai dai cutar ta riga ta shiga jini kafin a kawo shi. Na tambaye ta wai mene ne wannan abin takamaimai, don kowa a layi da sunan da yake kiransa. Ta ce ƙwayar cuta ce, sunan danginsu Yasiniya. Wai su ma dangi ne guda, akwai waɗanda iyakarsu su murɗa wa mutum ciki ya yi ta zawo ya warke, akwai kuma wannan. Na ce ashe har a cikinsu akwai mai sauƙin hali akwai ɗan iska, mu kuma babban ɗan iskan gidan ne ya kawo mana ziyara. Ta yi 'yar dariya.

Daga nan ta ce wani abu game da hannunsa na dama. Layin wayar ba shi da kyau.

Wuta tana nan. Na fara cire katakon da muke jera buhuna a kai.

Talata, da yamma

Layin wayar lafiyarsa ƙalau jiya. Ni ce ba na son ji.

Laraba, bayan la'asar

Shugaba ya tara mutane a ƙofar kantinsa, ni ina jin komai ta taga. Wai a rubuta wa hukuma a ce gidan burodi ne matattarar ɓeraye, a tashe mu daga layin gaba ɗaya. Wai lafiyar jama'a ta fi ta mutum ɗaya. Ban san lokacin da na buɗe tagar ba.

Na ce, "Ranka ya daɗe, wa ya bi shago shago da maganin ɓera a leda ya ce kowa ya zuba rana ɗaya, wanda bai zuba ba a ci shi tara?"

Ya ce, "Kin ga, 'yata, ba da ke nake ba, koma ciki."

Na ce, "Da gidan ubana kake, da wa kake in ba ni ba? Fulawa ce kawai ɓera ke ci a layin nan? Mai hatsi fa? Kwatar bayan kantinka fa, da ta shekara a toshe?"

Mai Farin But tana layin tana barbaɗa garinta, wani ya ce to ga ma'aikaciya, ta faɗi gaskiya. Ta faɗa kuwa, ba tare da ta ɗaga murya ba. Ta ce ba ɓera ke cizon mutum ya ba shi cutar ba, ƙuman da ke jikin ɓera ne. Muddin ɓeran na da rai, ƙuma na zaune a jikinsa. Ranar da ya mutu ya huce, sai su watse neman wani jiki mai ɗumi. Shi ya sa ake fara kashe ƙuma kafin a taɓa ɓera. Ta ce, "Ku kun kashe na layi guda a rana ɗaya. Ina kuke so su tafi?"

Jiki mai ɗumi. Duk layin nan wa ya kai Baba ɗumi?

Shugaba ya ce shi alheri ya nufa. Na yarda, mu ma mun zuba maganin kamar kowa, har murna muka yi da muka ga sun zube. Amma laifi tudu ne, ya taka nasa yana hango namu. Na rufe tagata.

Alhamis, da safe

Katakon buhuna ya ƙare. Na shiga ƙona kantocin da muke jera burodi.

Juma'a, da yamma

An sake ni. Mai Farin But ta ce na gama ƙwayoyina, ba abin da ya same ni, zan iya fita. Na tafi asibiti kai tsaye. A hanya mai shayin da ya shekara yana karɓar burodi a wurinmu ya hango ni ya tsallaka titi. Ya tsallaka lafiya, Allah ya kiyaye shi daga mota.

Ta gilashi na ga Baba. Ya rame, gemunsa ya yi fari fat, ban san haka yake da furfura ba saboda kullum da fulawa nake ganinsa, na ɗauka ita ce. Hannun daman yana cikin mayafi. Ya ga ni, ya ɗaga na hagu, ya motsa baki. Ba na jin sauti amma na san abin da ya tambaya. Na gyaɗa kai da ƙarfi. Sai ya rufe ido.

Likita ta tare ni a baranda ta nuna mini hoton hannunsa a wayarta. Na ce mata Baba ai hannunsa kullum baƙi ne, gawayi ne. Ta ce, "Wannan ba gawayi ba ne." Na ce na ji.

Asabar, da hantsi

Wuta tana nan. Ita kaɗai ce ba ta tsallaka titi in ta gan ni.

Lahadi, da safe

Na tashi na tarar da tarkace a tsakar gida, an jefo ta kan katanga: ƙafafun tsohon tebur, karyayyen benci, da akwatin katakon da keken ɗinki ke zuwa a ciki. Maƙwabciyarmu mai ɗinki ce, Iya. Tun da abin nan ya faru ba ta ce mini ci kanki ba. Na ɗaga murya na ce, "Iya, ina kwana?"

Can sai na ji ta ce, "Shara ce na zubar, kada ki ɗauka wani abu ne."

Na ce, "To Allah ya ƙaro shara."

Ta ce, "Ya jikin tsohon?"

Ta jira, ta jira, sannan ta ce, "To, Allah ya ba shi lafiya," na ji keken ya ci gaba.

Talata, da azahar

Yaya ya zo. Shi ya sa hannu a takardar likita, don ni na ce ba da hannuna ba. Gobe za a yi aikin hannun. Ya shigo gidan burodin ya tsaya yana kallon bango babu kanta ko ɗaya, babu allo, babu benci. Ya ce, "Kin ƙone shagon don ki ciyar da tanderu." Na ce kanta kafinta ke yi, tanderu Baba ke yi. Da zai fita na ga ya ɗora tafinsa a jikin bulon ya ɗan jima, kamar yadda muke yi muna yara lokacin sanyi.

Alhamis, da yamma

Babu abin da ya faru jiya.

Juma'a, da safe

An yi aikin, Baba ya farfaɗo, alhamdu lillahi. Abin da zan rubuta ke nan.

Asabar, bayan la'asar

Ba na son ƙarya a littafina, gara in faɗa. Ranar aikin tun da sassafe muka tafi, aka ce da hantsi za a shiga da shi, ba a shiga ba sai yamma, da aka fito kuma ya daɗe bai farka ba. Ban iya tashi daga bencin asibitin ba. Na tuna da wutar, na tuna sarai, na zauna. Sai washegari na dawo. Na tona tokar har ƙasa ba garwashi ko ɗaya. Bulon da sauran ɗumi can ciki, amma bakin ya yi sanyi.

Na hura a hankali, ƙirare ƙirare, ina lallashinsa kamar jariri. Duk da haka na ji ƙas daga ciki. Na haska fitila. Tsaga ce a rufin ta hagu, siririya, tsawon hannu.

Ko yau aka sake, benci zan zaɓa. Duk wanda ke da magana ya zo ya faɗa mini a fuskata.

Litinin, da hantsi

An cire sanarwar ƙofa. Mai Farin But ta ce an daina samun sabbin masu ciwo a layin, za mu iya buɗewa in mun shirya. Maganar tashinmu kuma ta bi ruwa. Shugaba ya aiko a tambaya ko muna son sabon allo, shi zai ba da fenti. Na ce a gaya masa mun gode, amma ban da ja.

Mai itace ya zo da kansa, wai motar ta gyaru. Na ce masha Allah, ta daɗe tana jinya.

Laraba, da yamma

Baba ya tambaye ni wutar yau, yanzu ana barina in shiga har bakin gadonsa. Na ce tana nan. Gaskiya ce ai, tana nan.

Bai taɓa duban hannun ba in ina wurin. Ni ma ba na duba. Muna ta hirar farashin fulawa kamar wasu baƙi a tasha.

Asabar, da hantsi

Baba ya dawo gida jiya da yamma, Yaya ya kawo shi. Na gyara masa ɗaki, na sayi sabuwar katifa, ko kallonta bai yi ba, ya wuce wurin tanderu. Ya dubi bangon da babu kantoci. Ya sunkuya ya leƙa ciki, ya daɗe. Ni ina tsaye a baya.

Ya ce, "Yaushe?"

Na ce, "Ranar da aka yi maka aiki."

"Kina ina?"

"Ina bakin ƙofarka."

Sannan ya ce a kawo masa kujera, kuma in kwaɓa fulawa, gobe za mu gasa. Yaya ya fara cewa Baba likita fa ta ce, Baba ya dube shi, ya haɗiye sauran.

Yau da sassafe na hura babbar wuta, irin wadda tanderun ya yi makonni bai gani ba. Tsagar ta ɗan buɗe, hayaƙi siriri na fita ta nan, amma rufin ya tsaya. Da itacen ya cinye na kwashe garwashin gefe na share ƙasan. Iyakar abin da na koya da ido ke nan. Daga nan Baba ne ke zura hannun dama har kafaɗa, ya taɓa bulon ƙasa da kan yatsunsa, ya ce ya yi ko bai yi ba. Bai taɓa amfani da wani ma'auni ba, kuma bai taɓa ƙona burodi ba.

Ya tashi daga kujera. Ya naɗe hannun riga kamar kullum, ya kai hannun bakin tanderu, sai ya tsaya. Yau na duba. Babban yatsa ne da ɗan ƙaramin suka rage, sauran ukun babu. Ya tsaya yana kallonsu kamar yau aka gaya masa. Ya gwada na hagu, ya zura ya fito da shi, ya girgiza kai ya ce wannan jahili ne, bai san komai ba sai ɗaukar buhu.

Sai ya matsa gefe. Tun da nake ban taɓa ganin Baba ya matsa daga bakin tanderun nan don wani ba.

Ya ce, "Uwata, naɗe hannunki."

Na ce, "Baba, ni kwaɓi ce."

Ya ce, "Wadda ta ƙone mini kantoci da allo ce za ta ce mini ita kwaɓi ce? Zura. Kada ki danna, taɓawa za ki yi ki ɗauke. Me kika ji?"

Zafin ya mare ni har kunne. Na taɓa na fizge hannu na ce, "Ya cije ni."

"Nan da nan, ko sai da ya yi tunani?"

"Nan da nan."

"To bai yi ba, zai ƙona ƙasan. Jira."

Muka jira. Na sake zurawa, ya sake tambaya, muka sake jira. A na ƙarshe na ce, "Ya yi tunani." Ya kama hannuna da yatsunsa biyu ya ɗora kan yatsuna a kumatunsa, ya rufe ido. Ya ce, "Zuba."

Jerin burodin farko na ta hagu, wajen tsagar, ya fito fari-fari bai gasu sosai ba. Baba ya ce daga yau can za mu riƙa sa ƙanana, kowa da inda yake da rauni, aiki ake koya masa. Sauran sun yi kyau. Na jera su a kan tebur ɗin kwaɓi tunda ba kanta, na buɗe ƙofa. Mutane na wucewa suna shaƙar ƙamshi suna kallon gabansu. Ba wanda ya tsaya.

Baba ya ɗauki na farko, wanda maigadi ya saba karɓa, ya riƙe shi a ƙirji da hannun nan, ya fita ya zauna a bakin ƙofa inda duk layin zai gan shi. Ya gutsura yana ci a hankali. Can na ji keken Iya ya tsaya, ta leƙo ta ce, "Malam, duka za ka cinye ko za ka rage wa masu saye?"

Yatsuna uku sun tashi, suna zafi, alƙalamin ma da ƙyar nake riƙewa. Baba ya ce kada in shafa musu komai, haka nasa suka fara.